Na Bi Sawun Ida Kaminska a Warsaw, Jarumar da Aka Kashe wa 'Yan Kallo

Warsaw birni ne mai ruɗin baƙo. Tsohon garin da masu yawon buɗe ido ke tururuwar ɗaukar hoto a cikinsa, da gidajensa masu launin rawaya da ja, duk bayan 1945 aka sake ɗora su, domin a yaƙin duniya na biyu, kafin sojojin Jamus su fice sai da suka mayar da kusan kashi 85 cikin ɗari na birnin ƙasa. Na isa can a farkon sanyi, wurin ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya. Shi ya tanadi kai ni fadar sarakuna da manyan kantuna. Ni kuwa na taho da sunan wata tsohuwa a aljihu: Ida Kaminska, Bayahudiya, 'yar wasan kwaikwayo. Tun ina sakandare nake harkar wasan dandamali, kuma tun ranar da na ga fuskarta a wani tsohon fim mara launi na ƙudura cewa in Allah Ya kai ni Poland sai na ga inda ta yi aikinta.

"Kawu, mutum ya yi kuɗin jirgi tun daga gida don ya zo ya ga maƙabarta?" in ji yaron, lokacin da na ce masa daga can za mu fara. Na ce masa ya sa rigar sanyinsa kawai.

Maƙabartar Yahudawa ta titin Okopowa ba a buɗe ta ranar Asabar, ranar Juma'a kuma da wuri ake rufewa, saboda haka muka yi sammako muka hau tiram, jirgin nan da ke bin titi tare da motoci. A bakin ƙofa akwai dokar cewa namiji ba ya shiga kai ba hula. Mai tsaron wurin ya miƙa wa yaron wata 'yar ƙaramar hula da ke zama a tsakar ka, ya juyo gare ni, ya dubi zanna-bukar ɗina, ya gyaɗa kai ya ba ni hanya. An buɗe maƙabartar a 1806, faɗinta hekta 33, kaburburan da ke ciki sun haura dubu 200. Amma wanda bai sani ba cewa zai yi daji ya shiga. Itatuwa sun tsiro ta tsakanin kaburbura, saiwoyi sun ture duwatsun sun karkace, ganye ya rufe hanya. Dalili a fili yake: kabari 'ya'ya da jikoki ke kula da shi, 'ya'yan da jikokin waɗannan kuwa an ƙone su a Treblinka, sansanin kisa na Jamusawa.

Ba Ida ce a kwance a nan ba, mahaifiyarta ce, Ester Rachel Kaminska, wadda ta rasu a 1925, wadda har yau ake kira uwar wasan kwaikwayon Yidish. Yidish shi ne harshen Yahudawan gabashin Turai, tushensa tsohon Jamusanci ne da ya gauraya da Ibrananci da harsunan Silab irin na Poland da Rasha, ana rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci daga dama zuwa hagu. A kan dutsen kabarin na tarar da ƙananan tsakuwoyi a jere, irin waɗanda masu ziyara ke ajiyewa maimakon fure. Ba su da yawa, amma akwai sababbi a ciki.

Gidansu gidan wasa ne gaba da baya. A 1883 gwamnatin sarkin Rasha ta haramta wasa da Yidish, sai ƙungiyoyi suka riƙa yin dabara, su rubuta a takarda cewa da Jamusanci za su yi, su hau dandamali su karkata harshe yadda ɗan sandan da ke zaune a gaba ba zai kama su ba. Cikin irin wannan yawo daga gari zuwa gari aka haifi Ida a Odessa, ranar 4 ga Satumba 1899. Ubanta Abraham Izaak Kaminski shi ne shugaban ƙungiya, daga baya ya gina gidan wasa nasu na kansu a titin Obozna a Warsaw. Ba ta kai shekara bakwai ba aka ɗora ta a dandamali. Cikin rawar farko da ta taka akwai ta jika namiji a wasan Mirele Efros na Jacob Gordin, uwarta kuwa ita ce kakar. Labarin ba baƙo ba ne ga duk mai kallon finafinan Hausa: attajira mai izza da mijinta ya rasu, ta aurar da ɗanta, surukar ta shigo ta karɓe gida da dukiya a hankali har uwar miji ta kwashe kayanta ta fita, sai jika ya zama sanadin sulhu. Yarinyar da ta fara da fitowa a jika, ita ce ta ƙare tana fitowa a kakar, har ta tsufa ana zuwa kallonta a wannan rawa.

Da ta girma ba ta tsaya ga gadon uwa ba. Ita da mijinta na farko, Zygmunt Turkow, sun kafa ƙungiyar da ta ɗauki wasan Yidish da muhimmanci, ba waƙe-waƙe da barkwanci kaɗai ba. Tana fassara wasannin manyan marubutan Turai da kanta, ta ba da umarni, ta fito a ciki, ta kuma riƙe jakar kuɗi. Duk wanda ya taɓa riƙe ƙungiyar wasa ya san na ƙarshen nan ya fi sauran wuya. Kuma tana da masu kallo. Kafin yaƙi Yahudawan Warsaw sun haura dubu 350, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen birnin, ƙasar baki ɗaya kuwa tana da fiye da miliyan 3. Teloli, masu shaguna, 'yan dako, ɗalibai, su ne ke cika mata zaure.

Daga maƙabarta muka taka da ƙafa zuwa unguwar Muranow. Nan ne aka killace Yahudawa a watan Nuwamba 1940, mutum sama da dubu 400 cikin fili da bai wuce murabba'in kilomita uku da 'yan kai ba. Yau gidajen haya ne masu hawa-hawa, da wuraren wasan yara, da tsofaffi masu jan karnuka. Yaron ne ya nuna mini abin da ban lura da shi ba: wasu gidajen a kan tudu suke, sai ka hau matakala daga titi kafin ka kai ƙofa, alhali Warsaw shimfiɗaɗɗen gari ne. Tudun nan ɓaraguzan unguwar ne, ba a kwashe ba, a kansu aka yi gini. A titin Stawki akwai farin bangon marmara inda a da ake loda mutane a taragun dabbobi. A bazarar 1942 kaɗai an kwashi sama da dubu 250 daga nan zuwa Treblinka.

Ida ba ta cikinsu, kuma yadda ta tsira babu wani abin al'ajabi a ciki: gudu ta yi. A watan Satumba 1939 bama-baman Jamus suka faɗa wa gidan wasan Nowosci inda take aiki. A watan Oktoba ta tattara iyalinta, da mijinta na biyu Marian Melman, da 'yarta Ruth, da Eddie Rosner, shahararren mabushin ƙahon kiɗan jaz wanda ya zama mijin Ruth, suka nufi gabas, suka tsallaka ɓangaren da Tarayyar Sobiyet ta mamaye. A Lwow, wanda yau yake cikin Yukren, hukumomin Sobiyet suka ba ta jagorancin gidan wasan Yidish. Ba a daɗe ba, a watan Yuni 1941, Hitler ya juya kan Stalin, aka sake ɗaura kaya. Wannan karon sai Frunze, Bishkek ta yanzu a Kirgistan, ƙasar da ke iyaka da Sin. A can ta haifi ɗanta Wiktor tana da shekara 42, a can kuma ta sake haɗa 'yan wasa daga cikin 'yan gudun hijira. Daga baya ta koma Mosko ta yi aikin rediyo. Akasarin Yahudawan Poland da suka ga ƙarshen yaƙin ta wannan hanya suka rayu, ba a ɓoye a ɗakin wani ba, ba a sansani ba, a can cikin ƙasar Sobiyet da yunwa da zazzaɓi da tsoron ɗan sandan ciki.

An gudu ba a tsira ba. A ƙarshen 1946 Ida ta samu komawa Poland, amma da Rosner ya yi yunƙurin bin sawu sai aka cafke shi a Lwow, aka tura shi sansanonin gwale-gwale na Kolyma, bai fito ba sai 1954. Ruth ma aka kama ta, ta yi kurkuku, sannan aka kai ta zaman dole a Kazakistan. Sai 1956 ta taka ƙasar Poland. Shekara goma uwar tana hawa dandamali tana sa mutane kuka a kan 'ya'yan ƙarya, tata ta gaske tana hannun hukumomin Sobiyet. Da ita ma ta zauna a Mosko, ga abin da ke jiranta: Solomon Mikhoels, babban ɗan wasan Yidish na Sobiyet, an kashe shi a Minsk a 1948 bisa umarnin Stalin, aka ce haɗarin mota ne, shekara ta zagayo aka rufe gidan wasansa.

A POLIN, gidan tarihin Yahudawan Poland, wanda aka buɗe babban baje-kolinsa a 2014, na daɗe a sashen bayan yaƙi fiye da ko'ina, domin nan ne tambayar da ta kawo ni take. Me ya sa ta dawo? Watanni kaɗan kafin dawowarta, ranar 4 ga Yuli 1946, an kashe Yahudawa 42 a garin Kielce, kuma ba Jamusawa suka kashe su ba, maƙwabta ne da 'yan sanda da sojojin ƙasar. Dubban waɗanda suka rage suna ta ficewa, ita kuwa tana shigowa. A nawa ganin ba siyasa ce ta dawo da ita ba, sana'a ce. Likita in ya yi hijira ya tafi da iliminsa, kafinta ya tafi da hannunsa. Ɗan wasa kuwa rabin sana'arsa tana zaune ne a kan kujerun da ke gabansa, kuma nata rabin a Poland ta bar shi. Ta dawo ta ga ko akwai saura.

Sauran kaɗan ne. Ta yi aiki a Lodz, ta yi a Wroclaw, aka haɗe ƙungiyoyin biyu a 1950 suka zama gidan wasan Yahudawa na gwamnati, a 1955 aka dawo da shi Warsaw ɗauke da sunan mahaifiyarta. Gwamnatin kwaminis ce ke biyan albashi, kuma ba don Allah take yi ba, tana son abin nuna wa duniya. Ida ta san haka, ta karɓi kuɗin ta yi aikinta, kuma ni ban ga laifinta ba, don babu wata ƙasa a yammacin Turai da ta ɗauki nauyin irin wannan gida a lokacin. Abin da ya fi taɓa ni shi ne iyafis da aka riƙa maƙalawa a kujeru domin a fassara wa mai kallo abin da ake faɗa zuwa harshen Poland. A birnin da a da mutum ɗaya cikin uku ke jin Yidish, an kai ga sai da tafinta. Ta kai ƙungiyar Faris da Landan da Isra'ila da Kudancin Amurka, inda tsofaffin 'yan hijira ke cika zaure don su ji harshen iyayensu daga bakin 'yar Ester Rachel.

Da dare a ɗakin yaron na sa ya nemo fim ɗin da ya sa duniya ta san ta, Obchod na korze, wato shagon da ke babban titi, na 1965. Jan Kadar da Elmar Klos suka ba da umarni, an ɗauke shi a garin Sabinov na Sulobakiya. Labarin na 1942 ne, shekarar da gwamnatin Jozef Tiso ta miƙa wa Jamus Yahudawan ƙasarta kusan dubu 58, har tana biyan mak 500, kuɗin Jamus, a kan kowane mutum da aka tafi da shi. Doka ta ce a ƙwace shagunan Yahudawa a ba waɗanda ba Yahudawa ba. Sai aka ba wani kafinta talaka, wanda Jozef Kroner ya fito a matsayinsa, shagon maɓallai na wata tsohuwa da mijinta ya rasu, kunnenta ya yi nauyi, idonta ya yi rauni. Ya zo da takardar ƙwace, ita kuwa ta ɗauka yaron shago aka kawo mata. Ta dafa masa abinci, ta ba shi kwat ɗin marigayi, ranar Asabar ta hana shi buɗe shago. Akwatunan kayan ma da ya duba, akasarinsu wayam ne, jama'arta ne ke tallafa mata a ɓoye.

Na kalli fim ɗin da idon ɗan sana'a. Matar nan ta shekara sittin tana jefa murya har kujerar ƙarshe, amma a gaban kyamara sai ta ƙanƙance komai. Dubi yadda take karkata kai ta miƙo kunne ɗaya, yadda yatsunta ke lalube a kan teburin shago, da ɗan murmushin wanda bai ji abin da aka ce ba amma ba ya son ya ba mai magana kunya. Har kusan ƙarshe ba ta san abin da ke faruwa a garin ba. Ranar da aka tara Yahudawa a dandali, kafintan ya rasa abin yi, ya fitar da ita ya tsira ko ya ɓoye ta ya halaka, ga giya a kansa. Ta leƙa ta taga, fuskarta ta canja cikin daƙiƙa biyu, kai ka san ta gane. Ya tura ta cikin wani ɗan ɗaki da ƙarfi don ya ɓoye ta, da ya buɗe ya tarar ta cika. Yaron nan da ya fara kallon yana danna waya, sai na ga ya kifa wayar a kan katifa. Fim ɗin ya ci kyautar Oska ta fim ɗin harshen waje a 1966, a 1967 kuma aka sa sunan Ida cikin masu takarar gwarzuwar jaruma, Elizabeth Taylor ta ɗauka.

Washegari muka je tashar jirgin ƙasa ta Warszawa Gdanska, tasha ce mara kwalliya, fasinjoji na ta sauri. A jikin bango akwai allon tunawa da waɗanda suka bar ƙasar ta nan bayan Maris 1968. Abin ya faro ne daga yaƙin kwana shida na Yuni 1967 tsakanin Isra'ila da ƙasashen Larabawa. Ƙasashen kwaminis na gabashin Turai, ban da Romaniya, suka yanke hulɗa da Isra'ila, shugaban jam'iyyar kwaminis ta Poland Wladyslaw Gomulka ya tashi ya kwatanta Yahudawan ƙasarsa da maƙiyan cikin gida, alhali matarsa ma asalinta Bayahudiya ce. A farkon 1968 gwamnati ta hana wani wasan kwaikwayo na Adam Mickiewicz a babban gidan wasa na ƙasa, ɗalibai suka yi zanga-zanga ranar 8 ga Maris, sai aka ce Yahudawa ne suka zuga su. Aka shiga korar mutane daga aiki, daga jami'a, daga soja. Ba a ɗora kowa a tarago ba, kora da hali aka yi. Mai son tafiya sai ya rubuta cewa Isra'ila za shi, ya ajiye zamansa ɗan ƙasa, a ba shi takardar tafiya da ke cewa mai ɗauke da ita ba ɗan Poland ba ne. Kimanin mutum dubu 13 suka fita a haka, akasarinsu kuma ba Isra'ilar suka nufa ba, Suwidin da Denmak da Amurka suka watsu.

A nan ne yaron ya faɗi abin da na san yana cikinsa tun jiya. "Kawu, amma fa ka san abin da ake yi wa Falasɗinawa." Na ce masa na sani, kuma yana ci mini rai kamar yadda yake ci masa. Amma ya faɗa mini, wace ƙasa tsohuwa mai shekara 68 ta ƙwace tana gidan wasa a Warsaw? Gomulka ma ba kishin Larabawa ne ya dame shi ba. Rikicin kujera ake yi a cikin jam'iyya, ministan cikin gida Mieczyslaw Moczar na neman ture shi, kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi, sai aka samu 'yan tsirarun da ba su da mai tsaya musu. Bai ce ya yarda ba, bai kuma yi gardama ba. Muka sayi shayi a tashar muka sha a tsaye.

Abin da ya ƙara wa labarin ɗaci shi ne, a ƙarshen 1967 Ida tana New York da ƙungiyarta, suna wasa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasa, ana yabonta a jaridu. Da ta so zama, da ta zauna. Ta kwashi mutanenta ta koma gida. Bayan 'yan watanni ta ajiye aiki, ta bi sahun masu fita. A Amurka babu mai tsare ta, babu mai tace mata rubutu, amma babu gwamnatin da za ta biya albashin 'yan wasa, jikokin masu jin Yidish kuwa sun koma Turanci. Ta yi ta ƙoƙarin kafa gida na dindindin, abin ya ƙi. Ta fito a fim ɗaya a 1970 tare da Zero Mostel da Harry Belafonte. Ta gwada zama a Isra'ila, inda Ibrananci ya daɗe da danne Yidish, ta dawo New York. Melman ya rasu a 1978, ita kuma ranar 21 ga Mayu 1980. An binne ta a maƙabartar Mount Hebron a Queens, a sashen 'yan wasan Yidish.

Dandalin Grzybowski shi ne wuri na ƙarshe a jerina. Majami'ar Nozyk tana nan a bayan gidaje, ita kaɗai ta rage cikin wuraren ibadar Yahudawan birnin na kafin yaƙi da har yanzu ake ibada a ciki, kuma ta tsira ne saboda Jamusawa sun mayar da ita bargar dawaki. Kusa da ita aka gina sabon gidan wasan da Ida ta daɗe tana nema. An buɗe shi a 1970, bayan tafiyarta, ba ta taɓa taka dandamalinsa ba. A 2017 aka rushe shi, ni dai shinge na tarar, da dogayen benaye na gilashi a kewaye. Ƙungiyar kuwa tana nan da ranta a titin Senatorska, ɗauke da sunan uwa da 'ya, suna wasa wani da harshen Poland wani da Yidish.

Muka sayi tikiti na wanda ake yi da Yidish. Zauren ƙarami ne, ya cika, galibi 'yan Poland ne, da matasa a ciki, fassara tana fitowa a rubuce a saman dandamali. Nan na ga abin da ban taɓa gani ba a duk shekaruna na wasa: dariya kashi-kashi. Ɗan wasa zai saki magana, mutum biyar ko shida masu furfura su fashe da dariya nan take. Sai a ɗan yi jim, sauran zauren su karanta rubutun, su yi tasu. Sannan yaron ya sunkuyo ya raɗa mini da Hausa, ni kuma in yi tawa ni kaɗai, bayan 'yan wasa sun riga sun wuce zuwa wurin baƙin ciki. Ana cikin haka wata mata a layin gabanmu ta juyo ta harare mu, yaron ya ce, "Kawu, sai dai in ba ka sauran labarin a tiram."